Jarumina Ya Koma Farko: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ajiye Wurin Ɗan Wasa a Fayil

Mukan haɗu bayan la'asar a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, ni da wasu samari da 'yan mata masu koyon ƙera wasannin kwamfuta, kowa da tsohuwar laftof ɗinsa, wasu ma mutum biyu kan guda. Wasan da muke ginawa tare na tafiyar mahajjata ne ta ƙasa, hanyar da kakanninmu suka biyo: Kano, Maiduguri, Abeche, Junaina, Fashir, Obeid, Sennar, har Sawakin inda ake shiga jirgin ruwa. Doguwar tafiya ce, babu mai gama ta a zama ɗaya. Shi ya sa maganar ajiya ta fi kowace magana dawowa, kuma yanzu 'yan'uwanmu na Jidda da Makka ma suna turo tambayoyinsu ta WhatsApp. Na tattara amsoshin a nan. Mu da Godot muke aiki, wato injin ƙera wasanni, don kyauta ne kuma bai cika nauyi ba, amma zan taɓo injin Unity da harsunan rubuta shiri irin su Python da C# inda bukata ta taso.

Malam, na rufe wasan na sake buɗewa, jarumina ya koma farko. Me ya faru?

Babu abin da ya lalace. Duk abin da wasa yake riƙe da shi yayin da yake gudana yana zaune ne a memorin wucin gadi na na'ura, wato RAM, kuma da zarar an rufe wasan ko wuta ta yanke, sai ya goge. Ajiya ita ce ka kwafe 'yan bayanan da kake bukata ka rubuta su a fayil kafin hakan ta faru. Lodawa kuma ita ce ka karanto su, ka sake gina duniyar wasan, ka mayar da jarumin inda yake. Ba hoton allo ake ɗauka ba, lambobi ake rubutawa.

Waɗanne lambobi ke nan?

Idan wasan shimfiɗaɗɗe ne mai fuska biyu, lamba biyu: x da y. Idan mai zurfi ne, uku: x, y da z. Sai inda jarumin ya fuskanta. A yawancin wasanni kusurwa ɗaya ta isa, wato yadda ya juya hagu ko dama, sai ka ƙara ta kyamara idan ana ɗaga kai ana sunkuyarwa.

Amma abin da ɗalibaina suka fi mantawa shi ne sunan wurin. Idan ka rubuta cewa jarumi yana x 40, y 12, a ina? A kasuwar Abeche ko a bakin kogi a Sennar? Kowane zango yana da nasa x 40. Dole sunan zangon ya shiga fayil, kuma shi za a fara karantawa.

Akwai wani dalili na biyu da ya sa nake nacewa a raba duniya zango-zango. Lambar da injinan wasa suka saba amfani da ita wajen wuri mai bit 32 ce, kuma daidaitonta bai wuce kimanin lambobi 7 ba. Daga Kano zuwa Sawakin ya haura kilomita 3,000. Da a ce mun shimfiɗa hanyar gaba ɗaya a fili guda muna aunawa da mita, kafin jarumi ya kai bakin teku tazarar da lambar za ta iya bambancewa ta kai rubu'in mita. A nan ne za ka ga mutum yana karkarwa yana tsalle-tsalle a allo. Minecraft, da duniyarsa take da faɗi sosai, yana rubuta wurin ɗan wasa da lambobi uku masu bit 64. Kai da ni, sunan zango da wuri a cikin zangon sun wadatar.

Wane irin fayil zan yi amfani da shi?

Fara da JSON. Rubutu ne da za ka buɗe da Notepad ka karanta da idonka, kuma ranar da matsala ta taso za ka gode wa Allah da hakan. Namu kamar haka yake:

{"siga": 2, "zango": "abeche", "x": 40.5, "y": 12.0, "fuskanta": 90.0, "guzuri": 14}

Ka lura da abu biyu a Godot. JSON bai san Vector2 ko Vector3 ba, wato dunƙulen lambobin wuri da inji ke amfani da su, don haka ka warware su zuwa x, y, z da kanka. Sannan duk lambar da ka karanto za ta dawo a matsayin mai ɗigo, ko da 14 ka rubuta, sai ka mayar da ita cikakkiya inda ake bukata. A Unity kuwa JsonUtility yana karɓar Vector3 kai tsaye, amma ba ya karɓar Dictionary.

Fayil ɗin da ba rubutu ba ya fi ƙanƙanta da sauri, gaskiya ne. Sai dai fayil ɗinmu bai kai kilobait ɗaya ba, ina saurin da ake nema? Idan ka ci karo da tsohon darasi yana koyar da BinaryFormatter, ka wuce shi. Microsoft da kansu sun yi gargaɗi cewa ba shi da tsaro, kuma sun cire shi a .NET 9 a 2024. Haka pickle na Python: fayil ɗin da wani ya turo maka zai iya tayar da umarni a kwamfutarka yayin da kake buɗe shi.

A wace folda zan ajiye shi?

Ba cikin foldar wasan ba. A Windows, wasan da aka girka a Program Files ba shi da izinin rubutu a wurin, a waya kuma kunshin wasan a kulle yake. Kowane inji ya tanadi wuri: a Godot ka fara hanyar da user:// maimakon res://, a Unity ka yi amfani da Application.persistentDataPath, a Unreal kuma akwai SaveGameToSlot da ke kula da wannan da kansa. Kada ka rubuta hanyar kwamfutarka da hannu. Sunan mai kwamfutar da za a buga wasan a kai ba naka ba ne, kuma a nan ƙasar sau da yawa da haruffan Larabci aka rubuta shi.

PlayerPrefs fa, ƙaramar ma'ajiyar saituna ta Unity? Ya fi sauƙi.

Don ƙarar sauti da zaɓin harshe aka yi shi. A Windows cikin rajistar na'ura yake rubutu, ba fayil ɗin da za ka ɗauka ka kai wata kwamfuta cikin sauƙi ba. Don gwaji na rana ɗaya babu laifi, amma kada ka ɗora masa tafiyar mutum ta wata guda.

Wuta ta ɗauke ana tsakiyar ajiya, yanzu fayil ɗin ba ya buɗuwa. Akwai magani?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin darussan da ke intanet yawancinsu mutanen da wuta ba ta ɗauke musu ne suka rubuta su. Mu kuwa kahraba, wato wutar lantarki, tana tafiya ba sallama, kuma rabin laftof ɗin da ke ajinmu batirinsu ya mutu, da an zare waya shi ke nan.

Ya faru da wata ƙanwata a ajin. Ta kwana uku tana gwada wasan, ta kai jaruminta har Obeid, wuta ta yanke daidai lokacin da ya shiga masauki. Da muka buɗe fayil ɗin, babu komai a ciki, sifili. Ta yi shiru, ta rufe laftof ɗin, ranar ba ta ƙara taɓa shi ba. Abin ya tsaya mini a rai, don wanda ya buga wasanka amanar lokacinsa ya ba ka.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan ka buɗe fayil don rubutu, abu na farko da na'ura take yi shi ne ta share abin da ke ciki, sannan ta fara zuba sabo. Tsakanin sharewa da gama zubawa ba ka da tsoho, ba ka da sabo. An saki na hannu, na guje bai kamu ba. Kuma ko shirinka ya ce ya gama rubutu, na'ura takan riƙe bayanan a memori na ɗan lokaci kafin ta kai su faifai.

Maganin shi ne kada ka taɓa rubutu a kan fayil ɗin da kake dogaro da shi. Rubuta sabon a wani suna daban, misali ajiya.tmp. Tilasta wa na'ura ta kai shi faifai: a Python flush sannan os.fsync, a C# kuma Flush(true) na FileStream. Rufe shi. Idan kana son ƙarin natsuwa, sake buɗe shi ka tabbatar yana karantuwa. Sai a lokacin za ka mayar da tsohon ya zama ajiya.bak, ka sauya wa sabon suna ya zama ajiya.json. Sauya suna aiki ne na ƙiftawar ido, ba kamar zuba bayanai ba. A Python os.replace ke yin sa, a Godot DirAccess.rename_absolute, a C# kuma File.Replace yana musanyawa ya ajiye maka tsohon a lokaci guda, in dai akwai tsohon.

Wajen lodawa sai ka bi ta baya: gwada ajiya.json, in babu shi ko ya ƙi karantuwa ka koma ajiya.bak, ka kuma gaya wa mai wasan cewa an dawo da shi ajiyar da ta gabata. Asarar minti biyar ba ɗaya take da asarar kwana uku ba. Manyan wasanni ma haka suke yi. Duk wanda ya leƙa foldar duniyarsa a Minecraft ya ga level.dat, a gefensa kuma level.dat_old.

Game da fayil ɗin da ya riga ya zama sifili, ƙanena, babu abin da za a ciro daga cikinsa. Gyaran na gaba ne.

Na loda, lambobin daidai suke, amma jarumin ya faɗa ƙarƙashin ƙasa ko ya koma wurin farawa.

Kusan kullum matsalar jeri ce, wato me ya riga me. Idan ka ajiye jarumi kafin ƙasar zangon ta gama loduwa, zai tarar da babu abin takawa, ya fara faɗuwa, ƙasa ta zo ta same shi a ƙarƙashinta. Fara loda zango, jira ya kammala, sannan ka kawo mutum. Idan kuma komawa farko yake yi, duba ko akwai wani layi a shirinka da ke kai shi wurin farawa a duk lokacin da zango ya buɗe. Shi ke zuwa bayan lodawarka ya goge ta.

Masu Unity suna da tasu ta daban. CharacterController yana riƙe da nasa lissafin wurin, sai ka sauya transform.position ya mayar da kai. Kashe shi, sauya wurin, sake kunna shi. In Rigidbody ne, ka mayar da gudunsa sifili, in ba haka ba jarumin zai farka da gudun da ba a san daga ina ya samo shi ba. A Godot ka kula da bambancin position da global_position: na farko daga uwar da ke ɗauke da shi ake aunawa, na biyu daga tsakiyar duniya. Wanda ka ajiye, shi za ka mayar.

Wata dabara ƙarama da nake so: ɗaga shi sama kaɗan, kamar santimita 5, ya sauko da kansa. Ya fi ƙafarsa ta maƙale a cikin ƙasa.

Yaushe ya kamata wasa ya yi ajiya?

A lokacin da jarumi yake cikin aminci. Idan ka ajiye shi yana tsakiyar faɗawa rijiya, ko raƙuminsa yana nutsewa a kogi, duk lodawa mutuwa ce, kuma mai wasan ya shiga tarkon da ba fita. Mu muna riƙe da wani wuri na musamman da muke kira "wurin aminci na ƙarshe". Ana sabunta shi ne kawai idan ƙafar jarumi tana ƙasa kuma babu haɗari kusa, shi ne kuma ake rubutawa a fayil. Muna ajiya duk shiga masauki, duk sauya zango, da kuma bayan kowane 'yan mintoci.

A waya akwai ƙari. Kada ka jira a danna "fita", babu mai dannawa. Kira ya shigo, ko an kira salla mutum ya kife wayar, Android na iya kashe wasan a bayan fage ba tare da ya sanar da shi ba. Yi ajiya da zarar wasan ya bar allo: OnApplicationPause a Unity, NOTIFICATION_APPLICATION_PAUSED a Godot. Abin da bai kamata ba shi ne rubutu a kowane motsi, sau 60 a daƙiƙa. Wasan zai riƙa sarƙewa a banza.

Yaya, a kwamfutata yana aiki, amma na tura wa ɗan'uwanmu a Jidda ya ce ajiyar ta rikice.

Tambaye shi da wane harshe ya saita na'urarsa. Mu Hausawan wannan yanki na'urorinmu harshe uku suke ji: Larabci a nan da Saudiyya, Faransanci wurin dangi a Chadi da Nijar, Turanci a Najeriya. Kowanne da yadda yake rubuta lamba. Abin da Turanci zai rubuta 40.5, Faransanci 40,5 zai rubuta da waƙafi, Larabci ma yana da tasa alamar. Idan da hannunka kake mayar da lamba rubutu, kamar ToString da Parse a C#, suna bin saitin na'urar ne. Sai a rubuta da ɗigo a karanta da waƙafi, ko dai shirin ya tsaya ko jarumi ya tsinci kansa a wata duniya. Ka ba su CultureInfo.InvariantCulture, ko ka bar manhajar JSON ta yi aikin, don ita kullum ɗigo take sawa.

Kwanan wata ma haka. Kwamfutar da aka saita da Larabcin Saudiyya na iya ba ka kwanan da kalandar Ummul Ƙura, sai ajiyar 2025 ta fito da 1446 ko 1447, wasan ya ɗauka ita ce mafi tsufa. Ga kuma awa ɗaya da ke tsakaninmu: Sudan tana gaban agogon UTC da awa 2, Saudiyya da 3. Rubuta lokaci da UTC a tsarin ISO 8601, ka juya shi zuwa na gida sai lokacin nunawa kawai.

Na ƙarshe, haruffanmu. Idan mai wasa ya sa wa jaruminsa suna Ɗanladi ko Ƙasimu, ko ya rubuta da ajami, fayil ɗin dole ya zama UTF-8. Godot haka yake yi da kansa. A Python kan Windows kuwa sai ka faɗa masa a fili lokacin buɗe fayil, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su jawo kuskure ko su dawo a hargitse. Sunan fayil ɗin kansa kuma ka bar shi da haruffa marasa lanƙwasa, kamar ajiya1.json, sunan mutum ya zauna a ciki.

Na gyara taswira, tsofaffin ajiya sun jefa mutane cikin bango.

Shi ya sa kalmar farko a fayil ɗinmu take "siga". Da muka matsar da rijiyar Fashir, siga ta tashi daga 1 zuwa 2, kuma duk fayil mai 1 ana kai jaruminsa ƙofar zangon maimakon tsohon wurinsa. Idan ka ƙara sabon abu, kamar yawan ruwan salka, ka tanadi adadin da za a ɗauka in tsohon fayil ba shi da shi. Sannan ka ajiye zango da suna, ba da lambar jerinsa ba. Ranar da ka cusa Adre tsakanin Abeche da Junaina, duk lambobin da ke bayansa za su gurgusa.

Idan wani ya buɗe fayil ɗin ya ƙara wa kansa guzuri fa?

In shi kaɗai yake wasansa, bar shi. Ɓoye fayil da mabuɗi yana hana mai son sani ne kawai, tunda mabuɗin yana cikin wasan da ke hannunsa. Abin da ya fi amfani shi ne ka duba abin da ka karanto: zangon nan akwai shi? Lambobin suna cikin iyakar taswira? In ba haka ba, kai shi ƙofar zango, kada wasan ya mutu.

To PUBG Mobile da Free Fire, a ina suke ajiye wurina?

Ba a wayarka ba. A wasannin da ake haɗuwa ta intanet, sabar kamfani ce ke da maganar ƙarshe kan inda kowa yake, don da waya aka bar wa, kowa sai ya rubuta abin da ya ga dama. Wannan wani karatu ne daban.

Me zai hana in ajiye komai a intanet kawai?

Steam Cloud da Google Play Games suna da amfani, musamman da yake goge manhaja a Android yakan tafi da fayilolinta. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, da yawa daga cikin waɗanda ke zama da mu sun baro gidajensu da abin da hannu ya iya ɗauka, wasu sun sauya waya sau biyu. Na san darajar kwafin da ke nesa. Amma mun kuma ga Fabrairun 2024, lokacin da sadarwa ta yanke a faɗin ƙasar. Wasan da ba ya buɗe ajiyarsa sai da intanet, a irin wannan lokaci bai da amfani ga kowa. Fayil na na'ura shi ne asali, na intanet kwafi ne da ake turawa in an samu hanya. Idan biyun suka saɓa, nuna wa mai wasan zango da lokacin kowanne, ya zaɓa da kansa. Ni nakan ƙara maɓallin fitar da fayil ɗin, don mutum ya iya tura wa kansa ta Bluetooth ko ya sa a filashi.

Da can yaya ake yi?

Wasu wasannin NES, tsohuwar na'urar wasa ta Nintendo, kalmar sirri suke ba ka ka rubuta a takarda. Ta Metroid haruffa 24 ce, kuma ita kanta kalmar ita ce ajiyar, an dunƙule bayanan a cikinta. The Legend of Zelda da ya fita Amurka a 1987 ya zo da ƙaramin batir a cikin kaset, shi ke raya memorin, ranar da batirin ya ƙare ajiya ta tafi. Katin ajiya na PlayStation na farko kilobait 128 ne, an raba shi gida 15. Waɗanda suka yi zamanin shagunan gem sun tuna yadda ake rigima in wani ya goge gidan wani. Ƙarancin wuri ya koya wa mutanen lokacin su tambayi kansu me ya zama dole a ajiye, kuma tambayar tana da amfani har yau: ba sai ka ajiye kowane itace da ke Abeche ba, taswira ta riga ta san su. Abin da ya sauya kawai za ka rubuta.

Ta yaya zan tabbatar nawa yana aiki kafin in raba wa mutane?

Ka ɓata shi da gangan. Goge fayil ɗin ka buɗe wasan, ya kamata ya fara sabo ba tare da kuka ba. Buɗe shi ka yanke rabinsa, ya kamata ya koma kan ajiya.bak. Mayar da shi fanko. Sauya sunan zango zuwa wanda babu. Juya harshen na'urar zuwa Larabci ka ajiye, ka mayar Faransanci ka loda. Sa wa jarumi suna mai ƙ da ɗ. A waya, fita daga wasan ka share shi daga jerin manhajojin da ke buɗe, ka dawo.

Sannan gwajin da muke yi a aji: sa wasan ya riƙa ajiya a jere ba tsayawa, ka kashe shi da ƙarfi ta Task Manager, ka buɗe, ka maimaita sau 20. Idan kana da tsohuwar na'urar da babu wani abu mai muhimmanci a kanta, zare mata wuta ma ka gani, don kashe shiri bai kai yankewar wuta tsanani ba. Duk buɗewa, jarumin ya kasance ko dai a wurin ƙarshe ko a wanda ya gabace shi. In sau ɗaya ya koma Kano, koma ka duba jerin rubutu da sauya sunan nan, akwai matakin da ya riga ɗan'uwansa.